Tarihin Armand Peugeot, Mutumin Da Ya Kafa Kamfanin Motar Fijo

 A yau za mu leƙa ƙasar Faransa ne, domin mu kawo muku tarihin wani mutum wanda da yawa daga cikinmu mun sha shiga motarsa, wasunmu ma sun sha tura ta a cikin laka lokacin damina, amma ba kowa ya san cewa sunan da ke manne a bayanta sunan wani gida ne mai 'ya'ya da jikoki, da saɓani irin na kowane gida ba.

Duk wanda ya yi wayo a nan Makango a shekarun 1970 da 1980, ya san yadda bakin ruwa yake cika idan jirgin fito ya iso daga Yeji. Bayan manyan motocin kaya, da wuya a rasa Fijo a cikin masu sauka, ta sha fasinja, an ɗaure mata kaya har saman rufi, wata za ta Salaga, wata ta zarce Bimbila da Yendi, wata kuma sai Tamale, daga can a kama hanyar Bawku. Fijo ɗin nan da muke faɗa, ita ce Turawa ke rubutawa Peugeot, kuma mutumin da ya shigar da wannan suna cikin harkar mota shi ne Armand Peugeot.

Abin da ya ja hankalinmu ga tarihinsa shi ne wani abu da muke gani kullum a garuruwanmu. Sau nawa muka ga attajiri mai motoci biyar ko goma a tasha, ranar da ya kwanta dama, kafin a yi sadakar arba'in an fara jayayya, kafin shekara ta zagayo an sayar da motocin an raba kuɗi, sunan gidan ya ɓace a tasha kamar ba a taɓa yin sa ba? To, gidan Peugeot ma an yi saɓani, har ta kai ga raba sana'a, amma ga shi yau sama da shekara 200 da kafa masana'antarsu sunan bai ɓace ba. Yadda aka yi haka ta faru shi ne za mu duba.

Asalinsa da sana'ar gidansu

An haifi Armand Peugeot a shekarar 1849 a yankin Montbéliard da ke gabashin Faransa, kusa da kan iyakar ƙasar Suwizalan. Sunan mahaifinsa Émile, kakansa kuma Jean-Pierre. Tun asali gidan nasu suna da injin niƙan hatsi wanda ruwan rafi ke juyawa. A shekarar 1810, kakan nasa Jean-Pierre da ɗan'uwansa Jean-Frédéric suka mayar da wannan gidan niƙa wurin sarrafa ƙarfe, wato dai maƙera ta zamani. Daga wannan shekara ce kamfanin yake ƙidaya shekarunsa.

Abin da suka fara yin suna a kai shi ne zarto. Daga nan suka shiga yin sifirin da ƙarafan lema da sauran kayan aikin kafintoci. A 1840 suka fara ƙera ƙaramin injin niƙa kofi na hannu, a 1874 kuma suka ƙaro na niƙa masoro. Akwai lokacin da matan Turai suke yayin wani irin siket mai faɗi wanda ake sa wa zobban ƙarfe a ciki domin ya buɗe, nan ma gidan Peugeot suka samu kasuwa babba wajen yin waɗannan zobba, har yayin ya wuce. Hoton zakin nan da muke gani a goshin motar, asalinsa tambarin zarto ne, an yi masa rajista a 1858, domin a nuna wa mai saye cewa haƙoran zarton suna da ƙarfi kamar na zaki. Ke nan zakin ya girmi motar da sama da shekara 30.

A cikin wannan gida Armand ya tashi, yana ganin ƙarfe tun yana yaro. Da ragamar kamfanin ta dawo hannun 'ya'ya, sai ya zama su biyu ne a gaba, shi da ɗan baffansa mai suna Eugène, wanda aka haifa a 1844, wato ya girme shi da shekara biyar. Mahaifansu wa da ƙane ne, ciki ɗaya. Sai dai halinsu ya sha bamban. Eugène mutum ne mai taka-tsantsan, ya fi son a riƙe abin da aka gada a kyautata shi, shi kuwa Armand kullum idonsa yana kan abin da bai riga ya shigo kasuwa ba.

Daga keke zuwa mota

Armand ya yi zama a Ingila domin ƙaro sani kan aikin ƙarfe, kuma a can ne ya ga yadda keke ya fara shiga ran mutane. Da ya dawo gida sai ya matsa a gwada, tunda dai sun riga sun ƙware wajen miƙe siririn ƙarfe. A 1882 suka fitar da kekensu na farko, irin mai ƙatuwar ƙafa a gaba da 'yar ƙarama a baya. Ba a daɗe ba keke ya zama ɗaya daga cikin manyan hanyoyin samun kuɗin gidan, don haka a wannan karo babu wanda ya yi da-na-sanin bin shawarar Armand.

To amma shi bai tsaya nan ba. A 1889, shekarar da aka yi babban bikin baje koli na duniya a birnin Paris, wanda saboda shi aka gina hasumiyar Eiffel, Armand ya haɗa gwiwa da wani injiniya mai suna Léon Serpollet suka nuna wata mota mai ƙafa uku da ke tafiya da tururi. Guda huɗu kacal aka yi, domin tana da nauyi, ga tukunyar ruwa ga wuta, sai an jira ruwa ya tafasa kafin a motsa. Armand bai yi taurin kai ba, ya ga wannan hanya ba mai ɓullewa ba ce, ya sake ta.

A daidai wannan lokaci wani Bajamushe mai suna Gottlieb Daimler ya riga ya ƙera ƙaramin inji mai amfani da man fetur, kuma kamfanin Panhard da Levassor na Paris yana da izinin ƙera shi a Faransa. Armand ya sadu da Daimler da Émile Levassor, suka daidaita, su kawo inji shi kuma ya yi jikin mota. A 1890 aka haɗa Fijo ta farko mai ƙafa huɗu da ke tafiya da fetur.

A shekarar 1891 aka shirya tseren keke daga Paris zuwa garin Brest da dawowa. Armand ya ga dama ta samu ta nuna wa jama'a abin da ya ƙera, sai ya sa ma'aikatansa biyu, Louis Rigoulot da Auguste Doriot, suka bi masu tseren a cikin mota. Sun taso tun daga masana'anta a Valentigney, suka je Brest suka komo, tafiyar sama da kilomita 2,000, a zamanin da babu gidan mai ko ɗaya a kan hanya, sai an tanadi fetur a wasu garuruwa tun kafin a iso. Gudun motar bai wuce kilomita 15 a awa ba idan aka daidaita, har ma wanda ya ci tseren a kan kekensa, Charles Terront, ya fi ta sauri. Amma dai ta je ta dawo da ƙafafunta, kuma wannan shi ne abin da Armand yake son mutane su gani.

A 1892 kamfanin ya ƙera motoci 29. Ɗaya daga cikin motocin wannan shekara Afirka ta nufo, domin an yi ta ne musamman saboda sarkin Tunis, aka yi mata ado da zanen furanni. Idan mai karatu yana son ya gane nisan zamanin, to a wannan shekara ta 1892 ce yaƙin basasa ya ci Salaga sakamakon rikicin gadon sarauta tsakanin gidajen sarautar Kpembe, fatake suka watse, wasu suka nufi Kete-Krachi wasu Yeji. A lokacin kakanninmu jaki da alfadari da kan ɗan Adam su ne motarsu, ayarin goro yana shafe watanni tsakanin Gonja da Kano.

Daga nan sai tseren motoci ya fara tallata sunan gidan. A watan Yulin 1894 wata jarida ta shirya gasa daga Paris zuwa Rouen, tafiyar kilomita 126. Motar tururi ta De Dion ce ta fara isa, amma aka hana ta kyautar farko saboda sai da mai zuba mata wuta take tafiya, aka raba kyautar tsakanin Peugeot da Panhard. A 1895 kuma, a tseren Paris zuwa Bordeaux da dawowa, Levassor ne ya riga kowa, amma motarsa mai kujera biyu ce alhali ƙa'ida ta ce huɗu, don haka kyautar ta koma ga Paul Koechlin mai tuƙa Fijo. A wannan tsere ne kuma 'yan gidan Michelin suka gwada tayar da ake hura wa iska, a jikin wata mota da aka gina a kan ƙashin Fijo.

Saɓani a cikin gida

Duk wannan suna da ake samu bai gamsar da Eugène ba. Kuma idan za mu yi adalci, yana da hujjarsa. Motoci 40 aka yi a 1894, aka yi 72 a 1895, alhali kekuna da zarto da injin kofi dubbai ake sayarwa. Mota a lokacin abin wasan masu kuɗi ce, tana cin jari mai yawa, ga hanyoyi babu kyau, ga shi ko keke bai gagare ta tsere ba. A ganinsa, zuba dukiyar gida da abincin ɗaruruwan ma'aikata a cikin irin wannan abu ganganci ne. Armand kuwa ya haƙiƙance cewa nan gaba mota ce za ta ɗauki mutane da kaya, kuma wanda ya makara ba zai sami wuri ba.

Wannan irin jayayya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Lokacin da hanyar goro ta fara komawa ta teku, akwai fataken da suka tsaya a kan jaki, akwai kuma irin su Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya yi fataucin goro a wannan ƙasa tamu, yana cikin na farko da suka riƙa loda shi a jirgin ruwa zuwa Legas. Haka kuma bayan an gama madatsar ruwan Akosombo a 1965, tafki ya cika, babbar hanyar Kumasi zuwa Tamale da ke bi ta Yeji da Salaga ta rage armashi, motoci suka koma bi ta Kintampo. Duk lokacin da hanya ta sauya, sai an samu mai cewa a bi sabuwa da mai cewa a dakata, kuma sau da yawa a cikin gida ɗaya suke.

Abin lura shi ne yadda 'yan'uwan nan biyu suka rabu. A 1896 suka zauna suka yi yarjejeniya a rubuce. Armand ya fita ya kafa kamfaninsa na motoci zalla, da sharaɗin ba zai taɓa sana'ar keke da kayan aiki ba, su kuma ɓangaren Eugène ba za su ƙera mota ba. Kowa ya san iyakarsa, babu wanda ya rushe wa wani. Armand ya gina sabuwar masana'anta a garin Audincourt, ya ƙara wata a Lille da ke arewacin Faransa, sannan ya daina dogara da injin Daimler, ya koma amfani da wanda injiniyoyinsa suka tsara.

Sai dai a wannan shekara ta 1896 ce kuma babban rashi ya same shi. Cikin 'ya'yan da suka haifa da matarsa Sophie Fallot, namiji ɗaya ne tak, mai suna Raymond, kuma a shekarar ya mutu yana yaro. Mai karatu ya auna da kansa, mutum ya bar sana'ar kakanni, ya zuba abin da ya mallaka a sabon kamfani, sannan wanda yake sa ran zai gaje shi ya riga shi tafiya. Duk da haka bai saki aikin ba. A 1898 ya ƙera motoci 156, a 1899 suka kai 300.

Komawa inuwa ɗaya

Ana nan sai 'ya'yan Eugène uku, Pierre da Robert da Jules, suka girma suka shiga harkar kamfanin mahaifinsu, kuma su ra'ayinsu ya fi karkata ga na baffansu Armand. Suna son su ƙera mota, amma ga yarjejeniyar 1896 ta ɗaure su. A nan Armand yana da ikon ya hana, ya rama abin da aka yi masa. Maimakon haka, a 1905 aka sake zama, ya ba su izini a kan kuɗin da za su riƙa biyan sa. A 1906 suka fara fitar da ƙananan motoci da sunan Lion-Peugeot, wato Fijo mai zaki, kasancewar zakin tambarin tsohon kamfanin ne. Na ɗan wani lokaci sai ga kamfanoni biyu masu suna ɗaya suna sayar da mota a kasuwa ɗaya.

Eugène ya mutu a 1907. Bayan shekara uku, wato a 1910, Armand da ba shi da magaji namiji ya amince aka haɗe kamfaninsa da sashen kekuna da motoci na 'ya'yan ɗan'uwansa, aka koma abu ɗaya, Robert ya zama shi ne jagora mai tasowa. Ɗan mutumin da ya ƙi yarda da mota shi ne ya gaji kamfanin motar. Amfanin haɗuwar bai ɓoyu ba. A 1912 aka buɗe masana'antar Sochaux, wadda daga baya ta zama cibiyar kamfanin. A wannan shekara direbansu Georges Boillot ya ci babban tseren Faransa, a 1913 kuma Jules Goux ya je Amurka ya ci tseren Indianapolis. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, kamfanin da ya yi motoci 29 a 1892 yana fitar da kusan 10,000 a shekara.

Armand ya ajiye aiki a 1913, ya kuma mutu a farkon 1915 a kusa da birnin Paris, ana tsakiyar yaƙi, yana da shekara 65 da 'yan watanni. Bai ga ko ɗaya daga cikin motocin da muka sani a nan ba.

Yadda Fijo ta zama tamu

A 1929 kamfanin ya fitar da samfurin 201, wanda daga kansa aka fara sa wa motocin lamba uku da sifili a tsakiya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka yi 203 a 1948, sai 403 a 1955, sai 404 a 1960, sannan 504 a 1968, wadda aka zaɓa gwarzuwar motar Turai ta 1969. Waɗannan biyu na ƙarshe su ne suka mamaye Afirka. Samfurin 404 ya ci tseren Safari na Gabashin Afirka a 1963 da 1966 da 1967 da 1968, ita ma 504 ta ci a 1975. Direbobinmu ba su buƙaci labarin tsere ba kafin su gane ta. Cikinta yana da nisa da ƙasa, ƙafafunta suna jure rami da gargada, injinta kuma ba ya wahalar da makaniki, ko a Suame ta Kumasi ko a gindin bishiya a Salaga za a kwance shi a ɗaure. Doguwar mai layin kujeru uku ta zama motar haya ta dogon zango, a-kori-kura kuma ta zama ta doya da gawayi da buhunan masara.

A Nijeriya abin ya wuce saye kawai. An kafa kamfanin Peugeot na Nijeriya a 1972, aka buɗe masana'antar haɗa motocin a unguwar Kakuri ta Kaduna a 1975, zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon. An yi shekaru ana ɗauko sassan motocin ta jirgin sama daga birnin Lyon zuwa Kano, sannan a wuce da su Kaduna. Fijo 504 ta zama motar gwamnati, ta kuma zama burin duk ma'aikacin da ya samu bashin mota. Faɗuwar darajar naira daga 1986 da shigowar tsofaffin motoci daga Turai sun raunana masana'antar, amma duk da haka Kaduna ta ci gaba da haɗa 504 har zuwa 2006, sama da shekara 20 bayan an daina yin ta a Faransa. A 2022 wani sabon kamfani na haɗin gwiwa da Alhaji Aliko Ɗangote ya fara haɗa motocin Peugeot a jihar ta Kaduna. A nan gida Ghana kuwa, Volkswagen ya fara haɗa motoci a Accra a 2020, Toyota kuma a Tema a 2021.

Shi ma uwar kamfanin ya ga sauye-sauye. A 1976 ya haɗiye Citroën. A 2014 ya shiga matsin kuɗi, har gwamnatin Faransa da kamfanin Dongfeng na ƙasar Sin suka sayi hannun jari, iyalan Peugeot suka daina zama masu faɗa a ji su kaɗai. A watan Janairun 2021 aka haɗe shi da Fiat Chrysler aka samar da Stellantis, inda zuriyar gidan suka shiga a matsayin masu hannun jari. Injin niƙa masoro kuwa, wanda Eugène ya fi amincewa da irinsa, bai daina fita da sunan Peugeot ba, abin da ke nuna cewa shi ma bai yi kuskure gaba ɗaya ba.

Abin da za mu ɗauka

Ba mu kawo wannan tarihi domin mu ce Bature ya fi mu zumunci ba. Hasali ma sun yi jayayya mai zafi har suka shafe shekara 14 a rabe. Bambancin shi ne da za su rabu sun rubuta abin da kowa zai riƙe, da yara suka taso ba a ɗora musu gabar iyaye ba, da lokacin miƙa ragama ya yi kuma dattijon ya miƙa tun yana da rai da hankalinsa.

Addininmu ya riga ya hore mu da rubuta mu'amala da kafa shaidu, kuma gado haƙƙi ne da Allah Ya tsara rabonsa, babu mai ikon taɓa shi. Amma malamanmu sun san hanyoyin da kowane magaji, mace da namiji, zai san kasonsa a cikin mota ko kwale-kwale ko shago, a ci gaba da juya sana'ar ana raba riba, idan magadan sun yarda. Abin da ya rage shi ne masu dukiya su zauna da 'ya'yansu da ƙannensu tun suna da lafiya, a san abin da ake bin su da abin da suke bi, a kuma saurari yaron da ya zo da sabuwar shawara kafin a yanke masa hukunci. Idan ma zama tare ya gagara, to a rabu ta yadda gobe za a iya gaisawa, domin ba a san ɗan wa zai riƙe gidan ba.

Allah Ya albarkaci sana'o'inmu, Ya haɗa kan zuriyarmu, Ya kiyaye direbobinmu da matafiya a tudu da kan ruwa. Sai mun sake saduwa a fitowa ta gaba da tarihin wani mashahurin.